Wayar da Na Kewaye Gonar Yaya Idi da Ita

Bazarar nan shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Idi. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana kuwa shirun ya gagare ni, domin ƴaƴansa sun ba ni wa'adi: in ruwan farko ya sauka ba a ga ƴan makaranta sun koma gonarsa ba, za su sare abin da ya rage na itace su shuka hatsi. Abin da ya rage ruwa ya sauka bai fi wata biyu ba. Makullin gonar yana aljihuna, kuma ban san abin da zan yi da shi ba.

Wanda bai san shi ba, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye da ke bakin kwarin Tarka, arewa da Dakoro, inda aka haife mu. Da aka raba gadon mahaifinmu ya zaɓi fegin da ke can ƙasan kwari, wuri mai laima wanda kowa ke so, sannan ya ƙi noma shi. Mutane suka ce boko ya taɓa masa kai. Ni ma na faɗa, kuma a gabansa na faɗa. Shi dai ya bar gawo da aduwa da magarya da jiga suka tashi, ya kewaye kowane ƙaramin itace da ƙaya, ya riƙa kawo ɗalibansa duk ranar Alhamis. Kafin a jima malaman wasu ƙauyuka har daga wajen Korahan suka fara ɗoro nasu yaran a amalanke suna kawowa. Ana ce wa wurin gonar Malam, ko da yake ba a taɓa cire damin hatsi ɗaya a ciki ba.

Abin da yake koya musu abu ɗaya ne, sai dai ta hanyoyi da yawa. Yakan ce Tarka kogi ne, ruwansa ne kawai ya koma ƙarƙashin ƙasa. Sai ya tara tudun rairayi biyu, ya soke ɗaya da tsinke da ciyawa, ya bar ɗayan tsirara, ya kwara musu guga guda guda. Yara su ga ɗaya ya shanye ruwan, ɗaya ya zaizaye ya cike ramin da ke ƙasansa. Daga nan ya nuna musu tuddan da ke kewaye da kwarin ya ce su faɗi wanne ne namu. Na ga manyan mutane masu furfura sun tsaya kallon wannan wasan guga har sun manta da inda za su.

Yana da aboki, wani Bafillace mai suna Altine, wanda kan sauko rijiyar da ke kusa da gonar kowane rani da awakinsa. Lokacin ne gawo ke zubar da ƴaƴa. Yaya Idi sai ya bar awakin su shiga su yi kwana da kwanaki suna ci suna kashi. Shi kuma Altine ya zauna gindin itace yana gaya wa ɗalibai sunan kowace ciyawa da Fillanci, da wadda ke sa nono, da wadda ke kumbura cikin dabba. Matan ƙauye su ma suna shiga yankan kaba, bisa sharaɗin kada a taɓa tsakiyar kai. Wurin ba ƙofa, ba mai gadi, amma ban taɓa jin an sare reshe ɗaya ba.

Ya yi shekaru yana zarya ma'aikatar magajin garin yankinmu. Abin da yake roƙo bai taka kara ya karya ba: rumfa mai kwano inda yara za su fake, da takarda mai hatimi da za ta ce wurin na karatu ne, ba a noma shi ko bayan ransa. Ni a lokacin ina cikin ƴan majalisar yankin, kuma ina jin kaina. Na ce masa mutum mai hankali waya zai fara roƙa, ya tsare wurin daga dabbobi. Ya dube ni ya yi dariya.

«In an sa waya, wa za ya shuka mini gawo? Kai?»

Na ɗauka ba'a ce irin tasa, domin kullum yana cewa hannuna bai san komai ba sai biro. Ban tambaye shi abin da yake nufi ba. Ciwon da ya ɗauke shi bai kai mako biyu ba, kuma maganar ba ta sake tasowa tsakaninmu ba.

Bayan sadakar arba'in na miƙe a zaman majalisa na yi jawabi a kan gonarsa. Ina so masu karatu su gane wannan da kyau: ba wanda ya yi mana rowa, ba wanda ya ci amana. Hukumar ta taimaka da zuciya ɗaya. Abin da na roƙa shi aka ba ni, ni kuwa waya na roƙa, domin ita ake gani daga hanya. Aka kafa ƙarafa, aka ja waya ta kewaye wurin kaf, aka sa ƙofar ƙarfe da kwado, aka rubuta sunansa a allo da fenti. Rumfa da takarda aka ce sai wani zama. Ranar da aka miƙa mini makulli a gaban jama'a na ji kamar na biya yayana duk rainin da na yi masa.

Da rani ya zagayo Altine ya iso da awakinsa. Aka aiko mini, na taso daga Dakoro, inda nake zaune, a kabukabu da murnata, na buɗe ƙofa na ce bisimilla. Ya yi wa marigayi addu'a doguwa, ya shafa, amma bai matsa ba. Na ce masa wurin nan nasa ne kamar da.

«Alhaji, da na Malam ne. Yanzu na hukuma ne. Akuya in ta shiga inda ag ga waya, tara ce.»

Na rantse masa ba mai kama masa dabba. Ya ce ya yarda da ni, amma ni ba kullum nake nan ba, kuma wanda zai kama ba zai tambayi sunana ba. Ya kora awakinsa suka zagaya ta bayan wayar zuwa rijiya. Bai sake tsayawa a wurin ba har ya bar iya tafiyar kiwo.

Sauran abin ya biyo a hankali. Matan kaba suka daina zuwa, don ba mai so a gan ta da wuƙa a cikin shingen hukuma. Malamai suka gaji da aiko mini a kawo makulli. Na bar shi wajen wani maƙwabci, shi kuma ya ji tsoron a ce wani abu ya ɓata a hannunsa, ya maido mini. Ciyawa ta yi tsawo a ciki ba mai ci, ta bushe, shekara ta uku wutar daji ta biyo ta, ta lashe duk ƙananan itatuwan da ya yi shekaru yana kewayewa da ƙaya. Manyan gawo sun tsira. Suna zubar da ƴaƴa kowane rani, ƴaƴan su kwanta a ƙasa har ƙwari su huda su. Sai daga baya wani ma'aikacin gandun daji ya gaya mini abin da kowane makiyayi ya sani: ƙwayar gawo tana da tauri, ta fi tsirowa in ta bi ta cikin dabba ta fita da kashi. Awakin Altine su ne masu shukar da yayana yake faɗi.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga kwarin yau. Gonaki sun gangaro har bakin rijiya, burtali ya tsuke, tuddan da yake nuna wa yara sun zama irin tudunsa na biyu. Ina jin wannan ba zai ba shi mamaki ba, don ya faɗa tun da daɗewa. Abin da ba na so in tuna shi ne yadda zai dubi allon nan mai sunansa, sannan ya dube ni. Ba zai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne, kuma da faɗan ya fi mini sauƙi.

Na koma ma'aikatar bara na roƙi a cire wayar. Mutanen da ke wurin yanzu sababbi ne, sun karɓe ni da mutunci. Suka ce kayan hukuma ne, ba a tumɓuke shi da baki, kuma ina za a ce an cire abin da aka yi don girmama mamaci? Wani matashi mai kirki a cikinsu har ya yi mini alkawarin in hali ya samu za a gyara inda wayar ta kwanta. Na yi godiya na fito. Ƴaƴan Yaya Idi kuwa ba zan iya ganin laifinsu ba. Suna da iyali, rumbunsu ba ya kai su damina, ga ƙasa mai laima a kulle ba mai karatu a ciki, kuma takardar da za ta hana su ni ne ban roƙa ba.

Makon jiya na je na buɗe ƙofar na bar ta a wangale, na zauna gindin babban gawon tun hantsi. Wajen azahar garken awaki ya biyo, mai kiwon magidanci ne, kuma da ya gaishe ni na gane babban ɗan Altine ne. Awakin suka ji ƙamshin ƴaƴan gawo suka nufo ƙofa. Ya sha gabansu da sanda, ya ba ni haƙuri, ya mai da su hanya.

A wajen wayar, gefen burtali, na lura da ƴan ƙananan gawo guda huɗu ko biyar, ba su kai gwiwa ba, ba wanda ya kewaye su da ƙaya. A ciki ko ɗaya babu. Iyakar abin da na ga ya rage na yayana ke nan, kuma a waje yake. Na cire hulata na cika ta da ƴaƴan gawo, na riƙa watsa wa awakin ta saman waya har suka wuce. Sannan na ja ƙofar na kulle, don in na bar ta a buɗe wani abu ya faru, sunana ne a rubuce wajen hukuma a matsayin mai riƙon makulli.