Malama Hanne da Ƙofar Gishiri da Sukari

Damina ta ƙarato. Rijiyoyi za su gurɓace, gudawa za ta shigo wa yara, kuma bana ba za ta tarar da Malama Hanne, ma'aikaciyar lafiyarmu, a kujerarta ba, domin ta yi ritaya. Ina faɗa tun yanzu, kada a ce ban faɗa ba.

A da, kullum da sassafe tana ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke gefen Toranke. Ta tafasa ruwa, ta jera kofuna, sannan ta fara faɗa. Mu ke sa ta faɗan. Wannan ya hana yaro ruwa wai yana ƙara gudawa, wancan ya kafe sai allura.

Bara 'yata Zuhra ta kwanta, idanu sun faɗa, ko kuka ba ta iyawa. Mahaifiyata, Iya Baiwa, ta haɗa mata ruwan gishiri, amma ta ƙi sa sukari. Da Malama Hanne ta zo duba ta, ta ɗanɗana ruwan, ta ɓata rai.

"Iya, ina sukarin?"

"Zaƙi ga mai gudawa? Ke 'yar nan, basir kike so ki sa mata?"

"Iya, bangon hanji ƙwayoyin halitta ne jere, kowace da tantanin da ya lulluɓe ta. A jikin tantanin akwai furotin, su ne ƙofofin, kowace da abin da take bari ya wuce. Akwai wadda ba ta karɓar gishiri sai tare da sukari. In sun shiga, ruwa ya bi su cikin jiki."

"Ƙofa ma da tsirfa!" in ji Iya.

Malama ta haɗa sabo daidai awo, ta zauna tana ba yarinyar cokali-cokali. Kafin la'asar Zuhra ta yi fitsari, ta nemi koko.

Ke ce uwar marasa jin magana, Malama. Kin maimaita zancen ƙofar nan har muryarki ta dushe, amma ko jiya na ji wani a majalisa yana cewa lemon kwalba ma ya isa. Haba jama'a!

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mata, ku je gidanta ku koyi awon nan tun kafin ruwa ya sauka. Maza, ku bar gardama ku bar su su je.

Wanda zai gaje ta kuwa, har yau ba mu san sunansa ba, ba mu kuma san ko zai riga damina isowa ba.