Rigar Jarumi a Kasuwar Tattasai

Ni ba son ɗinki ne ya kawo ni Diffa ba, gudun tattasai ne. A Shetimari aka haife ni, kuma a gidanmu ba a san wata sana'a ba sai wannan: a dasa, a ba da ruwa, a tsinka, a shanya, a ɗura a buhu, a yi ta atishawa har shekara ta zagayo. Tun ina ƙarami na tsani aikin nan. Da na tasa sai na samu Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ke da shagon ɗinki kusa da babbar kasuwa, na ce masa tun ina goye nake mafarkin zama tela. Ya san ƙarya nake yi, amma yana bukatar mai ɗinka maɓalli, sai ya karɓe ni.

Kawu telan kaftani da wando ne. A wurinsa ɗinki daga kaftani ya fara, a wando ya ƙare, duk abin da ya wuce haka iskanci ne. Da hannuna ya faɗa, ya ba ni wani tsohon keken ɗinki a bakin ƙofa, mai ƙara kamar injin niƙa. Ina son keken nan fiye da yadda zan iya faɗa, domin muddin ina kansa ba wanda zai ce in je in ja tiyo a bakin kogin Komadugu.

A bayan shagonmu akwai wani ɗaki da samari ke biya su yi wasan bidiyo, idan akwai kuran, wato wutar lantarki. Yawancinsu ƙwallo suke bugawa. Ni kuwa wani wasa ne ya kama ni, na wani jarumi da ke hawan katangu a wata ƙasa mai ƙanƙara. Ban taɓa iya wasan ba. Ana harbinsa ta ko'ina, samari na ihu in gudu, ni kuma na matso da fuskata jikin talabijin ina duba yadda aka haɗa hannun rigarsa da kafaɗa. Ba a taɓa kashe jarumin nan a hannun kowa kamar yadda aka kashe shi a hannuna ba.

Matsalar ita ce a wasan kullum bayansa kake bi, ƙeyarsa kawai kake gani. Na daɗe ina zana bayan rigar ban san gabanta ba, har ran nan na roƙi mai ɗakin ya juyo mini da shi. Ya murza wani maɓalli, jarumin ya waiwayo. Wuyan rigar ya hau har ya rufe hanci, ga hula haɗe da ita, ga 'yan aljifai a jere a ƙirji, ga faifan fata a kafaɗa guda, ga igiyoyi sun gitta ta ko'ina. A ranar ko abincin rana ban ci da daɗi ba.

Na sayi tsofaffin wandunan jins a wajen 'yan gwanjo na farke su. Fatar kafaɗa na samo ta daga kujerar wata matacciyar mota a gareji. Shafin ciki kuwa ƙyallayen da Kawu ke zubarwa ne, na ninka su biyu a wajen wuya don ya tsaya ƙyam. Da na gama rigar farko na rataye ta, Kawu ya zagaya ta yana kallo ta saman tabarau.

"Wannan facin na kafaɗa fa? Ta yage ne tun ba a sa ta ba?"

"Salo ne, Kawu."

"To ɗaya kafaɗar laifin me ta yi?"

Ya ja igiya guda. "Wannan me take ɗaurewa?"

"Ba ta ɗaure komai."

"Igiyar da ba ta ɗaure komai, me ta zo yi duniya?"

Ban saurare shi ba. Sanyi ya fara shigowa, na tabbata samarin Diffa za su yi layi. Na ɗinka wata, na ƙara wata, har ƙofar shagon ta cika da jarumai marasa kai suna lilo a iska. Samari kuwa sun zo, ba su ba ni kunya ba. Kowa ya zo sai ya sa, ya ja zif har hanci, ya harɗe hannu, abokinsa ya ɗauke shi hoto. Sai ya tuɓe, ya ce wallahi na iya, Allah ya ƙara basira, ya mayar mini ita kan ƙusa. Rigunana sun zagaye wayoyin garin nan kaf, ni kuwa ko kuɗin zare ban mayar ba.

Daga ƙarshe wani ɗan mai kanti ya sayi guda. Na raka shi har titi ina sa masa albarka kamar ni na haife shi. Washegari ya dawo da ita a leda, fuska a murtuke. Ashe ya sa ta ya tafi ƙauyensu, a hanyar dawowa suka iso shingen bincike na bakin gari. Jami'an tsaro suka hango mutum fuska a rufe, ƙirji a kumbure da aljifai. Tun daga nesa aka ce ya tsaya, ya ɗaga hannu, ya tuɓe. Sannan aka sa shi ya buɗe aljifan nan ɗaya bayan ɗaya, ga su da yawa, ga maɓallan da tauri, fasinjoji na ta tsine masa don ya ɓata musu lokaci. Ni da na girma a yankin nan, na san abin da rufaffiyar fuska ke sa mutane su tuna, amma ko sau ɗaya ban kawo shi a raina ba ina ɗinki. Hankalina na can ƙasar ƙanƙara. Labari ya bazu, har masu zuwa hoton ma suka ɗauke ƙafa.

Haƙurin Kawu ya ƙare a ranar da wani alhaji ya zo karɓar wandunansa ya tarar ko yanka su ban yi ba. Da alhajin ya fita, Kawu bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce ya aika wa Baba. Ranar kasuwa Baban zai shigo da tattasai, kuma da ni zai koma. Keken kuwa akwai masu so.

Baba ya iso da sassafe, dogo, siriri, da tarinsa da ya zame masa kamar sallama, kafin ka gan shi ka ji shi. Shi da Kawu suka yi ta gaisuwa da barbarci, wushe wushe, aka tambayi gida da ruwa da gajiya da sanyi, ni ina tsaye kamar akuyar da ake ciniki. Ya ɗaga kai ya dubi rigunan da ke rataye, ya dube ni.

"Haɗa kayanka," in ji shi. "Amma tukuna mu je kasuwa. Mai saye ya ce buhunanmu ba su cika ba, sai an sake ɗuri."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata tunda barin Diffa zan yi, to Diffa za ta ga aikina a jikin mai shi. Na ciro wadda na fi so na zura, na bi bayansa ina taku ɗaiɗai.

Wanda bai taɓa ganin ɗurin busasshen tattasai ba, ga yadda ake yi. Mutum ɗaya zai shiga cikin buhu, sauran su riƙa zubo masa, shi kuma yana tattakawa da ƙafa don ya danƙaru. Jan gari ne ke tashi, ya shiga hanci, ya sauka ƙirji. Kowa yana ɗaure hanci da rawani ko tsumma, amma da ka fara tsalle sai tsumman ya zame. Ka kai hannu ka gyara, hannun kuwa duk yaji ne, sai ido ma ya samu rabonsa. Shi ya sa daga nesa za ka gane wajen 'yan tattasai, dattawa masu gemu suna atishawa bi da bi, wannan na cewa alhamdu lillahi, wancan bai gama amsa masa ba tasa ta zo.

Ni aka sa a buhu, tunda ni ne mai laifi. Na ja zif har hanci, na rufa hular, na shiga tattaka tattasan nan da duk haushin da ke cikina. Na gama buhu, aka kawo wani. Can sai na lura Baba ya daina zubawa, yana kallona da jajayen idanu.

"Kai, ba ka atishawa?"

Sai a lokacin ni ma na lura. Wuyan rigar bai zame ba, shafin nan mai ninki ya tare garin.

"Fito. Tuɓe."

Na ɗauka dukan da ban sha ba tun ina yaro ne ya zo. Sai na ga ya karɓi rigar ya ɗora a kan kaftaninsa, ya ja zif a hankali yana tsoron ya kama masa gemu. Mahaifina, mai shekaru, mai carbi a hannu, ya koma jarumin katanga daga wuya zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma manomin Shetimari da silifa. Ya shaƙi iska a tsakiyar jan garin nan, ya jira. Shiru. Ya sake shaƙa. Ya laluba 'yan aljifan ƙirji, ya sa goro a ɗaya, waya a ɗaya, ƙullin zare a ɗaya. Ya zare basillarsa, babbar allurar ɗinke bakin buhu da kullum yake nema ya rasa, ya soke ta a igiyar da Kawu ya ce ba ta da dalilin zuwa duniya. Sannan ya shafa fatar kafaɗa, ya sa aka ɗora masa wani ƙaramin buhu a kai, ya ɗan taka.

"Wannan facin daidai aka sa shi," ya ce.

Kafin a jima an kewaye mu. Kowa sai ya taɓa, sai ya gwada. Na yi ƙoƙarin bayyana musu cewa asalin rigar ta wani mayaƙi ce a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Wani tsoho ya gyaɗa kai cike da tausayi, ya ce, "Allah sarki, ashe su ma can suna fama da tattasai." Wani daga wajen Bosso ya ce shi bahago ne, a mayar masa facin ɗaya kafaɗar. Wani ya ce a ƙara aljihu babba na rediyo. Don in sauke nauyi, na gaya musu abin da ya samu ɗan mai kanti a shinge. Suka dube ni kamar na yi maganar yara. Ai wannan ba ado ba ce, in ji su, kayan aiki ce, wa ke shiga mota sanye da kayan aiki? A ninke ta a ƙasan buhu, in an iso a sa.

Kafin azahar babu jarumi ko ɗaya a ƙofar shagonmu. Kawu na tsaye yana gaya wa masu saye cewa shi ya koya mini ninka shafin wuya, tun zamanin ubangidansa haka ake yi. Masu son a ɗinka musu suka yi ta miƙo hannu ina awo. A nan take suka raɗa mata suna, rigar tattasai, kuma har yau haka ake kiranta. Na ji daɗi, na kuma ji ciwo. Na gudo daga tattasai, na ƙetare har ƙasar ƙanƙara, sai ga shi tattasan nake wa ɗinki.

Duk da haka ba wanda ya ce an fasa tafiya da ni. Da la'asar na ɗauki jakata na bi Baba tasha, rigar na ninke a hammatarsa. Muka tsaya jikin motar Shetimari ana lodi. Ya daɗe yana kallon masu ɗaure kaya a sama, sannan ya ce, "Koma."

"Baba?"

"Mutane sun ba da awo. Koma ka yi musu." Ya yi tari kaɗan. "Zan nemi wani cikin mutanen ƙauyen Assaga, suna neman aiki. Dama injin ban ruwa ne matsalar. Tun bara ba na iya ɗaga shi ni kaɗai in kai bakin ruwa, mahaifiyarka ce ke kama mini gefe guda."

Ni kaɗai ne ɗa namiji a gidanmu, 'yan'uwana mata duk suna gidajensu. Tun da Kawu ya ce ya aika, ban kawo komai a raina ba sai cewa hukunci ne ya zo. Ashe Baba hannu ya zo nema, ya ji nauyin ya roƙa, sai saƙon Kawu ya ba shi hanya. Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, bari in zo ko zuwa ƙarshen tsinka."

"Na ce ka koma."

Ya kama ƙarfen motar zai hau, ƙafarsa ta kasa kaiwa. Ya sake gwadawa. Na sa hannu na tallafe shi ta baya, sai na ji ba shi da nauyi ko kaɗan. Bai waiwayo ba, ya gyara zama tsakanin buhunan wofi, mota ta tashi.

Na koma shago na zauna a kan keken da na yi ta fargabar rabuwa da shi. Nawa ne yanzu, ba mai karɓewa. Na ɗauki zare zan zura a allura, na kasa ganin kafar. Na goge ido na sake, na kasa. Kawu ya taso daga wurinsa, ya karɓi zaren ya zura mini, ya koma ya zauna.

"Tattasan bana akwai ƙarfi," in ji shi, bai dube ni ba.