Jajen jiragen da ban taɓa mallaka ba

"Jiragena uku sun nutse da kayan yaji," na ce wa abokin aikina a Tudun Wada. Wasan fataucin teku ne a kwamfutar ofis, shekarun casa'in.

Ashe Kawu Sule, tsohon falke, yana bakin ƙofa.

Ran Juma'a na isa garinmu Burumburum a gajiye, na tarar da zaure cike da 'yan jaje. Na yi bayani har bakina ya bushe.

Kawu ya ja ni gefe. "Ɗana, daina ɓoyewa. Ni ma rafi ya cinye min jakuna da gishiri, ban taɓa gaya wa kowa ba. Allah Ya mayar da alheri."

Sai kawai na ce amin.

Da ku ne, za ku ci gaba da bayani?