Kaza Ta Taka

Shekarar da na faɗo daga babur a hanyar Dauran, damtsena na dama ya karye, kawuna bai bari an ko ambaci asibiti ba. Sai gidan mai ɗorin garinmu, wani tsoho mai tunƙaho da gadon kakanni, ka ce shi ya ƙera ƙashin ɗan Adam.

Ya ce a kawo kaza. Ya karya mata ƙafa a gabana, ya ɗaure da tsinke, wai ranar da ta taka ranar na warke. Sannan ya miƙar da hannuna sambal, ya jera karan dawa daga hammata zuwa wuyan hannu, ya tamke da igiya kamar bakin buhun gero. Da yatsuna suka kumbura suka daina jin taɓi, na yi magana.

"Magani na shika aiki, yaro," in ji shi.

Yaro! Da gemuna da iyalina.

Dangi in sun zo dubiya, kazar suke fara leƙawa, ni kuwa a jefo mini sannu.

Kaza ta taka, aka kwance ni. Aka ajiye mini tuwo, na yanki loma da ƙyar, hannu ya ƙi tasowa baki. Na yi, na yi, yana nan kamar muciya.

Wani likita a Kaura ne ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini da ƙwanjinsa. Ƙashi ba ya motsa kansa. Tsokar gaba ce ke tsukewa ta jawo shi, ta baya ta saki, kuma tsoka ba ta motsi sai jijiya ta kawo mata saƙo daga ƙwaƙwalwa. Ƙashina ya haɗe sarai. Jijiyar ce igiya ta shaƙe, gwiwar hannun kuma ta sandare.

Na koma na faɗa wa tsohon. Ko kunya babu.

"Mi kaka so kuma? Ƙashi aka kawo man, ƙashi na ɗora. Kaza ta yi tahiya, kowa ya gani."

Kazar ma tuni ya cinye abarsa, da hannunsa na dama. Ban taɓa raina mutum kamar ranar ba.

Har yau in aka kawo abinci a taron suna, sai an sami baƙon da zai ce mini, "Haba Malam, da hagu?" Shi ya sa yanzu nake cewa na ƙoshi.