Kanwar da na jiƙa a jirgin ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san shirun ya yi yawa. Masu kira ban ɗauka ba, da masu tambayar hotunan jirgin ruwa, ku yi haƙuri. Hoto dai babu. Ciwon ƙoda na dawo da shi, sai yanzu na samu ƙarfin riƙe waya.

Babbar 'yata ce ta saya mana tikitin, ni da Alhaji, bayan ya ajiye aikin rediyo. Kun san ba na faɗin sunanta, 'yar fari ce. Ta zo gida Beltsville da murnarta ta ce, "Mama, ku je ku huta, kun gaji."

Wai hutu! Tun daga Baltimore muke layi. Layin shiga, layin abinci, layin lifta. Ɗakin da aka ba mu ko taga babu, in Alhaji ya shimfiɗa darduma sai na hau gado. Ka tayar da salla ka daidaita alƙibla, kafin ka sallame jirgi ya juya. Wajen abinci kowa da hannunsa a cokali ɗaya, wani ya ɗebi naman alade ya mayar da cokalin cikin shinkafa. Kiɗa kamar gidan biki, ba ji ba gani. Ruwan gora ma sai ka biya.

Duk na haɗiye. Kyautar 'ya ce.

Ana tsakiyar tafiya cikina ya fara murɗawa, sai amai da gudawa. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Aka yi sanarwa duk mai ciwon ciki ya je wajen likitan jirgi, kuma za a tsare shi a ɗaki kada ya shafa wa wasu.

Alhaji ya ce, "Hajiya, tashi mu je."

Na ce, "Haba Alhaji! In zauna gaban ƙaton Bature in ce masa ina zawo? Sannan a kulle mu a akurkin nan, wahalar yarinyar nan ta tafi a banza?"

Akwai 'yar kanwa da nake ƙullewa a jaka, tun ina Zariya ba na tafiya babu ita. Na jiƙa na sha. Na ƙara. Na rage shan ruwa don in rage zaryar banɗaki. Maganin hawan jinina ban fasa ba, ga na ciwon jiki ina ta haɗiya. Duk saƙon da yarinyar ta aiko, amsa ɗaya ce: lafiya lau, muna jin daɗi.

Ranar da muka sauka takalmina ya ƙi shiga ƙafa. Fitsari ya ɗauke, ban gaya wa kowa ba. Yarinyar ce ta zo ɗaukar mu. Kallo ɗaya ta yi mini, ko gida ba mu biya ba ta wuce da ni asibiti.

Aka ɗebi jini, aka ɗaura mini ruwa, aka yi hoton ciki. Likitar ta tambaye ni duk abin da na sha. Da aka zo kan kanwa sai da Alhaji ya ciro ƙullin ya nuna mata, ta yi ta juya shi a hannu. Ta ce ruwan jikina ya ƙare, magungunan suka ƙarasa, kanwar kuma ba ta taimaka ba. Ta ce, "Ƙodarki ta kusa tsayawa. Za mu yi wankin ƙoda, mu jira mu gani ko za ta farfaɗo."

Na ce in ba ta farfaɗo ba fa? Ta ce to wankin ya zama na kullum ke nan.

Wallahi na ji tsoro, irin wanda ban taɓa ji ba. Aka sa mini roba a wuya, na kwanta ina kallon jinina yana fita ya shiga inji ya dawo, sanyi yana ratsa ni. Ni da na ƙi gaya wa mutum ɗaya ina zawo, sai ga shi ana auna fitsarina a kofi, ma'aikata maza da mata suna shigowa suna tambaya. Kunyar da na yi ta tattali, a nan ta ƙare.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yarinyar. Na ji ta a bakin ƙofa tana roƙon likita a gwada jininta, in ta kama ta ba ni ƙodarta ɗaya. Ta shigo tana kuka ta ce, "Mama, ni na sa ki a jirgin nan. Me ya sa kika ce lafiya lau?" Na ɓoye ne don kada ranta ya ɓaci, ga shi har ƙodarta take shirin bayarwa.

Wata safiya fitsari ya dawo. Alhaji, dattijo da shi, ya ɗaga kofin nan yana kabbara. Bayan wasu gwaje-gwaje aka cire robar, aka sallame ni. Inshora ta ɗauki kaso mai yawa, abin da ya rage ya ninka kuɗin tikitin, muna biya a hankali. Har yanzu ina zuwa gwajin jini, gishiri kuwa mun yi sallama.

'Yan uwa, in gudawa ta kama ku, ku sha ruwa, ku je wajen likita ko a tsakiyar teku ne. Mai shan maganin hawan jini ya tambaya kafin ya ci gaba da sha. Kanwa a bar ta a tukunya. In ɗanka ya tambaye ka jiki, gaya masa gaskiya.

Na gode wa Allah. Na gode wa Alhaji, da matan unguwa, 'yan Najeriya da 'yan Gana, da suka yi ta kawo abinci.

Saura mutum ɗaya. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, yau zan kira a gaban kowa.

Fa'iza, ba laifinki ba ne. Allah ya yi miki albarka.