Ranar da Na Rufe Maƙerar Kawuna

Shekarun baya, lokacin ina darakta a sashen da ke kula da tsaron kayan nukiliya da tsabtace wuraren da suka gurɓata, na ɗauki hutu na tafi gida Kebbe. Waɗanda suka daɗe tare da ni a shafin nan sun san a wannan aikin na yi furfura. A ofis, in na shiga ɗakin taro sai an miƙe. A gida kuwa, tun ranar da na yi wa mahaifiyata bayanin cewa da nukiliya ana samar da wuta, ta sanar da unguwa cewa ɗiyarta ma'aikaciyar lantarki ce. Daga nan duk wanda aka ɗauke wa wuta ni yake kawo wa ƙara.

Ƙarshen bazara ne, hadari yana haɗuwa a gabas da la'asar ya watse ba ko ɗigo. Washegarin isowata da hantsi na tafi gaishe da kawuna, yayan mahaifiyata. Maƙeri ne, kuma a maƙerar da ya gada yake aiki, wata rumfa a cikin lungu da ba ta da bango. Wannan lokacin shi ne kakarsa, domin kowane manomi yana son a gyara masa kalme da garma kafin ruwa ya sauka. Na tarar da mutane zazzaune suna jiran kayansu.

Na durƙusa muna gaisawa ke nan sai jakata ta fara ƙara. Kawu ya ce, "Ɗiyata, ɗauki wayarki, manya ba su son jira."

Na laluba, wayar shiru take. Abin da ke kukan wata 'yar na'ura ce da muke maƙalawa a jiki wurin aiki, tana ƙara in ta ji tururin nukiliya. Sabo ya sa kullum tana cikin jakata tare da turare da carbi, har 'ya'yana suna yi mini dariya. Ban taɓa jin ta yi kuka a wajen aiki ba sai ranar.

Na ɗaga kai na duba rumfar. Can gefen tarin ƙarafa ga wani akwati ruwan ɗorawa a fashe, a jikinsa akwai alamar nan mai kama da fanka mai fukafukai uku. Na san shi sarai. Masu aikin titi ne ke amfani da irinsa su auna ko ƙasa ta daku. A bakin sandar da ke cikinsa akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba, a rufe ruf. Muddin tana cikin gidanta ba ta da matsala. In ta fashe kuwa, abin da ke ciki ya bi ƙura, ya shiga abinci, ya shiga numfashi, kuma ba ya wari, ba ya launi.

Na ce, "Kawu, wanga akwati ina ka samo shi?"

Ya ce, "Kasuwar Tambuwal, wurin masu gwangwan. Sun ce cikin kayan da wasu masu aikin titi sunka tashi sunka bari na."

"Ka taɓa sandar da ke ciki?"

"Awo. Ita nika so, ƙarfe ta mai kyau. Jiya na aza bakinta bisa uwar maƙera na ɗan daka, na ga ta yi gardama na aje ta."

Ban san lokacin da muryar ofis ta fito ba. Na miƙe na ce kowa ya fita, kada wanda ya ɗauki komai, a kashe wuta. Mutanen suka fita suna kallon juna. Kawu bai motsa ba. Ya aje awartaki a hankali ya ce, "Tun ba a haife ki ba nika dukan ƙarfe. Yau ke za ki kore ni daga maƙerar ubana?" Da ƙyar ya fito, shi ma don ladan ya kira azahar ne, kuma ya gaya mini da an sallame zai dawo bakin aikinsa.

Na kira mataimakina a Abuja na gaya masa abin da na gani. Ya fara lissafa mini matakan da za a bi kafin a tura ayari da mota. Na ce masa matakan nan ni na tsara su, kuma a ƙarshensu sa hannuna ake jira, to na sa. Ya tayar da mutane yau, kuma a sanar da jami'an jiha su bi sawun masu gwangwan ɗin. Duk da haka na san daga Abuja zuwa lungun kawuna ba tafiyar yini ba ce, ga kaya masu nauyi, ga hanyar Tambuwal zuwa Kebbe yadda take.

Na koma gida na ɗauki tabarma. Mahaifiyata ta ce, "Ina za ki da ita?" Na gaya mata. Ta ce, "Yayana ba ya jin tsawa, ko ubanmu bai iya da shi da tsawa ba. Amma in kin tabbata abin ga na kashe mutum, kada ki tashi." Ta miƙo mini buta da goran ruwa.

Na je bakin lungun, daidai inda na'urar ta yi shiru, na shimfiɗa tabarmar a gicciye na zauna. Ku yi tunanin mace mai jikoki, darakta guda, zaune a ƙasa tsakar rana da leshinta tana korar awaki. Masu babura suna rage gudu su kalle ni. Na ji wata mata tana cewa boko ya taɓa ni.

Da aka sauko daga masallaci kawu ya iso da mutane a bayansa. Ya ce, "Tashi in wuce."

Na ce, "Kawu, ba ni da ƙarfin hana ka. In za ka shiga, sai dai ka tsallake ni."

Ya tsaya yana huci. Na san ba zai tsallake ɗiyar ƙanwarsa a gaban jama'a ba, kuma ina jin kunyar abin da nake yi masa har cikin raina. Amma ban matsa ba. Da na ga ya ɗan lafa sai na miƙa masa na'urar hannu bibbiyu na ce, "Kada ka yarda da maganata. Riƙe wagga ka taka kaɗan zuwa ciki, ka dawo."

Ya karɓa kamar an ba shi kunama. Na janye gefen tabarmar ya taka. Na'urar ta fara ƙara jefi-jefi. Ya ƙara gaba, ta ƙara sauri. Ya ja baya, ta lafa. Ya juya wajen gidan maƙwabci, shiru. Ya sake fuskantar rumfarsa, ta ɗauka. Na ce ya isa haka, ya fito. Ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Jikokina nan suka cin tuwo da marece. Jiya ma nan sunka ci."

Daga wannan maganar bai ƙara yi mini gardama ba. Shi da kansa ya je wurin mai unguwa aka toshe lungun da ƙaya. Aka tara duk wanda ya zauna a rumfar tun jiya, na sa suka yi wanka da sabulu, aka ƙulle tufafinsu a leda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hadari. Rumfar a kan gangare take, in ruwa ya sauka ta cikinta yake bi ya fita titi, kuma a ƙasan titin rijiyar unguwa take. Muka samo tamfol wurin masu hatsi. Na ɗaura leda a ƙafa, na rufe hanci, na shiga da sauri na lulluɓe ƙasan rumfar da uwar maƙerar na fito. Maza suka cika buhuna da yashi aka kewaye wurin daga nesa, kawu yana gaba yana nuna musu ta inda ruwa ya saba kwararowa.

Mutanena ba su iso ba sai da ruwan farko ya riga su. Ina tsaye a zauren maƙwabta, jiƙe sharkaf, ina kallon ruwa yana dukan buhunan yana kaucewa ta gefe. Ban taɓa yin addu'a a kan buhun yashi ba sai ranar. Allah ya taimaka suka riƙe.

Da ayarin ya iso, bayan motarsu ta kafe a hanya an turo ta, muka shiga aiki. Ƙwayar ta tsage, amma ba ta tarwatse duka ba. Aka ɗauke ta cikin tukunyar dalma. Aka kankare ƙasan rumfar aka zuba a durorin ƙarfe, ana aunawa ana ƙara haƙawa har na'ura ta yi shiru. Aka auna rijiya, lafiya lau. Aka kai kawu da jikokinsa asibiti a Sakkwato, likitoci suka ce abin da ya shige su kaɗan ne, amma a riƙa kawo su ana dubawa.

Saura uwar maƙera, wato ƙaton ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a daka. An wanke ta, an goge, an kankare samanta, amma akwai wata tsohuwar tsaga a gefenta da garin ƙwayar ya shige, in an kai na'ura wurin sai ta amsa. Mataimakina ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, abin da ya rage ba shi da yawa. Kuma kawunki ne. Ko a toshe tsagar a bar masa?"

Na ce, "Ƙarfen da za a yini ana duka da guduma a gaban wuta? Da a ce na wani ne ba kawuna ba, me za ka ce a yi?"

Ya ce, "A ɗauka."

Na ce, "To a ɗauka."

Ni na je na gaya wa kawu, ban aiki kowa ba. Na same shi zaune a ƙofar gida na durƙusa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hannun ubana da na kakana na bisa ƙarfen ga."

Na ce, "Na sani, Kawu. Ni ma kakannina na."

Da aka zo ɗora ta a mota ya shige gida ya rufe ƙofa. Na koma Abuja bai yi mini sallama ba, kuma damina ta wuce yana karɓar gaisuwata ta bakin mahaifiyata kawai. Na aika masa da sabuwar uwar maƙera, ta daɗe a zaure kafin ya kafa ta.

Bayan wannan na jagoranci ayyuka da suka fi shi girma nesa ba kusa ba, na zauna da manyan ƙwararru na ƙasashe, na rufe wuraren mutanen da suka yi mini barazana da lauyoyi. Babu wanda ya yi mini nauyin na lungun nan. Hukunci a kan wanda ba ka sani ba abu ne mai sauƙi. A Kebbe na gane ko aikin da nake yi na yarda da shi, domin a can wanda zan ɓata wa rai shi ne ya yanka ragon sunana.

Kawu ya tsufa yanzu, ɗansa ke riƙe da guduma, jikokin nan kuwa sun girma, har ɗaya ta yi aure bara. Duk sanda na je gaishe shi, bayan an gama tambayar hanya da iyali, sai ya ce sabuwar ba ta amsa guduma kamar waccan. Nakan ce, "Haka na, Kawu." Ban taɓa ba shi haƙuri a kan ɗauke ta ba, shi ma bai taɓa neman in ba shi ba.