Kwalbar da Na Haye Gada da Ita

Lokacin da aka cire wa yayata ƙululu a nono, a wani asibitin Umdurman, dangin mara lafiya ne ke kai tsokar wurin gwaji da kansu. Ni aka miƙa wa. Kwalbar zuma ce da muka wanke a gida, aka cika ta da wani ruwan magani mai sa ido hawaye. Na naɗe ta a gefen mayafina na hau hafla, motar haya, muka haye gada zuwa Khartum, ina hararar duk wanda ya matso kusa da cinyata. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko man shanu ne. Na ce mata eh.

Yaya mace ce da ko allura sai an yi kokawa da ita. Ba ta yarda da aikin ba sai da duk gidan muka taru muka ce mata sau ɗaya ne. Sakamakon kuwa bai fito ba sai da ɗinki ya warke, har ta koma suyar zalabiyarta a bakin titi. Sankara ce, kuma akwai saura a ciki. Sai an sake buɗewa.

"Khalas," in ji ta. "Ni tunkiya ce? An yanka ni sau ɗaya, ya isa."

Mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun kawo malamai, ko gezau. Da ta rasu, ni na ɗauki 'yarta na riƙe, tana ce mini Khala, wato ƙanwar uwa.

Shekaru suka ja, yarinyar ta zama budurwa, sai ga irin ƙululun a jikina. Ranar aiki na wanke kwalba tas na ba ta ta riƙe. Likitar ta gani ta yi dariya.

"Ya hajja, mayar da ita jaka. Kina barci za mu goga tsokar a gilashi, mu tsoma a rini, a duba a madubin likita. Kafin shayi ya huce mun sani. Ba za mu ɗinke ba sai mun tabbata babu saura."

Haka aka yi. Sankara ce, suka ƙara yankewa nan take, suka rufe. Na farka an gama komai.

Da ma na yi shiru. Amma bakina ba ya zama wuri ɗaya, na tambayi likitar tun yaushe ake wannan. Ta ce rinin mai sauri ne ya iso musu daga baya, amma tun da daɗewa akwai mai ɗan jinkiri, na daskarar da tsoka, shi ma tun mara lafiya na barci ake gama shi, a wani asibiti a Khartum. Ta kwatanta mini wurin. Na san shi sarai. Ta ƙofarsa haflar ta wuce da ni, kwalbar Yaya a cinyata.

Ba wanda ya gaya mana, na sani. Sanin bai rage mini komai ba. Mata suna shigowa da barka, ni kuwa kunyar lafiyata nake ji, kamar na ci rabon wani.

Da ɗakin ya watse, 'yar yayata ta zauna a bakin gado tana juya kwalbar da babu komai a ciki.

"Khala, da akwai wannan a lokacin Ummi, da tana nan, ko?"

Na rufe ido, kamar maganin barcin bai sake ni ba.